Kwancin Aro: Ƙwan Dinya a Ƙasar Kazaure, Jiya da Yau

Zabuwa gwanar ƙwai ce, amma ba uwar kirki ba ce. Da ruwa ya zauna za ta shige gindin geza ko cikin ciyawa ta yi ta zubawa. In ma ta daure ta kwanta har ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓar asuba, kafin hantsi an yi asarar rabi. Shi ya sa tun kaka da kakanni matan Kazaure da Roni da Gwiwa, da na Babura har ƙetaren iyaka, ba sa bar mata wannan aiki. Sai su kwashe ƙwan su sa wa kaza mai kwanci. Kaza kwana 21 take yi a kan nata, amma ba ta iya lissafi ba. Muddin tana jin abu a ƙarƙashinta za ta zauna har kwana 26 zuwa 28 da ƙwan zabi ke buƙata. Na talo-talo ma kwana 28 ne, shi ma ita ake ɗora wa.

Inda aikin ke fin ƙarfinta shi ne ƙwan dinya.

Dinya iri biyu muka sani a nan. Akwai ta daji, baƙa mai fari a ciki, mai ƙaimi a gwiwar fiffike, wadda ta fi duk danginta na Afirka girma. Matattararta dausayin Haɗeja da Nguru, amma da damina takan leƙo fadamu da tafkunanmu. A da, yara masu kiwo kan tsinto ƙwanta su kawo gida, a sa wa kaza, a sha wahalar reno, ranar da fiffike ya yi ƙwari kuwa ta tashi ba sallama. Sai ta gida, wadda baƙuwa ce. Wata asalinta Turai, wata kuma, mai ƙullutu a saman baki, asalinta ƙasar Sin, ko da yake Turawa na kiran wani nau'inta da sunan Afirka. Gidajen sarauta da na masu hali aka fi ganinta, ana ajiye ta don ado da gadi. Gadin ba sabon abu ba ne: mutanen Rum suna ba da labarin yadda kukan dinya ya tashi masu tsaron birninsu cikin dare, wajen shekara 390 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Duk wanda toron dinya ya taɓa bi a zauren wani alhaji ba zai ƙaryata su ba.

Ƙwan dinyar gida ɗaya yakan kai giram 140 zuwa 200, wato nauyin ƙwan kazar Hausa uku ko huɗu. Ɓawonsa kauri gare shi. Kwanakinsa 28 zuwa 35 ne, gwargwadon nau'i, yawanci dai wajen 30. Kuma dinya ba kazar gidan gona ba ce da za ta yi ta ƙwai shekara zagaye. Lokacinta gare ta, ta yi 20 zuwa 40 ta tsaya. Ke nan kowane guda ɗaya da ya zama baragurbi, asara ce da ba a mayar da ita sai baɗi.

Tun muna jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, akwai wata goggona da ke aure a wani ƙauye cikin duwatsun Roni. Ba ta da dinya ko ɗaya, amma ita ake aiko wa ƙwai daga gidajen masu ita, in an ƙyanƙyashe a ba ta rabonta ta sayar. Ba ta sa ƙwan a kwando ko a kan wani abu mai tsayi. Ƙasa take tonawa a kusurwar akurki, ta zuba ruwa ya tsotse, ta bi da yashi, sannan ta shimfiɗa ciyawa. Kaza ba ta ba ta fiye da biyu ko uku. Kowane ƙwai sai ta shafa masa gawayi a gefe guda, domin kaza ba ta da ƙarfin juya shi da baki yadda take juya nata. Safe da yamma, in kazar ta sauka cin tsaba, Goggo ta durƙusa ta juya su ɗaya bayan ɗaya: baƙin da ke sama ya koma ƙasa. Da an wuce mako guda kuma sai ta riƙa tsoma yatsu a ruwa mai ɗumi tana yarfa musu.

Na taɓa ce mata, "Goggo, ba za su ruɓe ba? Ai an ce ƙwai ba ya son ruwa."

Ta ce, "Ɗan nan, na kaza ne ba ya so. Je ka bakin rafi ka ga uwar wannan. Wanka take yi ta dawo ta hau kansu da jiƙaƙƙen ƙirji."

In da hali ma, ba kaza take so ba, agwagwa take nema. Agwagwar gidanmu mai jan tsiro a fuska, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, kwana 35 take yi a kan nata ƙwan. Don haka wata guda ba komai ba ne a wurinta. Ga faɗin ƙirji da zai rufe biyar ko shida, ga shi ita ma tana shiga ruwa ta dawo. Kaza kuwa sau da yawa haƙurinta kan ƙare ana saura kwana uku, ta tashi ta bar aiki a tsakiya, sai an yi ta fafutukar neman wata mai kwanci a maƙwabta.

Abin da Goggo ke yi da yatsu, shi ne masu ƙyanƙyasar dinya ta zamani ke yi da na'ura a Hangare da Folan da Sin. Daga kwana na 7 zuwa na 10 sukan fara fitar da ƙwan kullum su bar shi ya huce na 'yan mintuna, su fesa masa ruwa, su mayar. Mintunan na ƙaruwa yayin da kwanaki ke tafiya, har su kai kwata ko fiye. Dalili shi ne, ƙwai babba ne, kuma ɗan da ke ciki yana girma yana fitar da zafin jikinsa. A makon ƙarshe zafin da yake samarwa kan yi masa yawa, ɓawon kuma ba ya sakin sa da wuri. An gwada an gani, ƙwan da ake shayar da shi iska ana yayyafa masa ruwa ya fi ƙyanƙyashewa a kan wanda aka kulle aka bari.

Ƙyanƙyasa ba tare da uwa ba ma, ba Bature ya fara ta ba. Mutanen Masar sun fi shekara dubu biyu suna gina ɗakunan laka, su hura wuta mai laushi, su zuba dubban ƙwai, har Aristotal ya ambaci labarin a rubuce-rubucensa. Ba su da ma'auni. Mai aikin kan ɗora ƙwai a fatar idonsa ya gane ko zafi ya yi daidai, kuma a cikin ɗakin yake wuni yana juyawa. Bafaranshe Réaumur, da ya wallafa littafinsa kan wannan sana'a a 1749, su yake ƙoƙarin kwaikwaya. Tun can asali, ɗaki ko akwati zafi kawai yake bayarwa. Sauran aikin na mutum ne.

A ganina, igiyar wannan ilimi ta fara tsinkewa a wurinmu ne a 2006. Ranar 8 ga Fabrairun shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, ta bazu Kano da wasu jihohi. Kafin watan ya ƙare an same ta a jikin agwagin Magarya a Nijar, nan ƙetaren Babura. Gwamnatin tarayya ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, agwagwa da dinya naira 1,000. Rediyo na ta gargaɗi cewa tsuntsun ruwa, musamman agwagwa, kan ɗauki cutar yana yawo lafiya lau yana rabawa. Gargaɗin gaskiya ne, har yau ma gaskiya ne, don cutar ta sake dawowa Kano a Janairun 2015. Amma gidaje da yawa da na sani sun yanke agwaginsu ko sun sayar a wulaƙance, wasu ba su sake ajiyewa ba. Dama can agwagwa ba ta da farin jini, ana ganin ƙazama ce. Da ta bar tsakar gida, sai uwar aro mafi dacewa da ƙwan dinya ta tafi, 'yan matan da suka taso bayan nan kuma ba su ga yadda ake yi ba.

Sai ga injin ƙyanƙyasa ya zo. Ƙananan akwatunan roba na ƙasar Sin suka cika kasuwannin Kano, masu walda da masu gyaran firji suka fara ƙera nasu, wani da batir, wani da sola, wani da fitilar kananzir. Ba ni da faɗa da injin. Ya taimaki matasa da dama, kuma ƙwan kaza da na zabi yana yi musu yadda ake so. Abin da na lura da shi dai shi ne, da zuwansa sana'ar ta tashi daga cikin gida ta koma shago da ɗakin samari. Kuɗin na maza ne, wayar da ake kallon bidiyon koyo ta maza ce. Ilimin kuwa yana can wurin tsofaffin mata, ba wanda ya shiga ya tambaya. Takardar da ke zuwa cikin kwali an rubuta ta ne don ƙwan kaza, a ƙasar da iskarta ba irin tamu ba ce.

Ɓarnar takan fara tun ƙwai bai shiga injin ba. Dinya sau da yawa rana ɗaya take tsallakewa tsakanin ƙwai da ƙwai, don haka mai son ya cika tire sai ya yi ta tarawa mako biyu, uku. Ƙwan ƙyanƙyasa kuwa bai kamata ya wuce mako guda a ajiye ba, in ya yi yawa kwana goma, kuma a wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyos. Ina za ka samu wannan a Gwiwa cikin watan Afrilu? Da zafi ya haura digiri ashirin da 'yan kai, ɗan da ke ciki ya fara motsawa, ba zafin da zai ishe shi girma, ba sanyin da zai sa ya jira. Haka zai galabaita a kan kanta ko saman kabad. Firji kuma sanyinsa ya yi yawa. Tsofaffi gindin randa suke ajiyewa, a cikin kasko bisa yashi. A nan Jigawa ne Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Don tumatir da yalo da alayyafo ya yi ta, amma ban ga abin da ya fi ta dacewa da ajiyar ƙwan dinya a ƙauye ba, muddin ruwan bai taɓa ɓawon ba. Kuma kada a wanke ƙwan. In ya yi datti a goge a bushe, domin akwai wani siririn rufi a jikinsa da ke tare ƙwayoyin cuta.

Sai zafi. Kowa tsoron ɗaukewar wuta yake yi, ni kuwa na fi tsoron rufin kwano. Injin mai fanka digiri 37.5 ake saita shi. Ya iya ƙara zafi, amma bai iya ragewa ba. A bazara, lokacin da inuwa kanta ke haura 40, shagon kwano a bakin titin Daura ya fi cikin injin zafi. Fitilarsa za ta mutu, allon ya nuna 40 ko 41, ba abin da zai iya. Awanni kaɗan a haka sun isa su kashe tire guda. Sanyi kuwa jinkiri yake kawowa. Ƙwan dinya da girmansa yakan riƙe ɗumi, in wuta ta ɗauke na 'yan awanni aka lulluɓe akwatin da bargo aka daina buɗewa, yawanci yakan tsira, sai dai ya makara da kwana ɗaya. Wurin injin shi ne soron ƙasa mai kaurin bango, irin wanda muke rushewa muna sa bulo.

Danshi shi ne inda takarda ta fi yaudarar mutane. Tana cewa kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a ɗaga zuwa 70 ko 75 a kwana ukun ƙarshe. Lambobin daidai ne. Amma da hunturu danshin iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 70. Wanda ya zuba ruwa kofi ɗaya a Janairu ya zuba kofi ɗaya a Agusta, ya yi kuskure sau biyu. A na farko ƙwai ya bushe fiye da kima, tantanin ciki ya manne wa ɗan kamar ƙanzo a gindin tukunya, ya kasa juyawa. A na biyu ruwan ciki bai ragu ba, ɗan ya kumbura, aljihun iskar da zai fara numfashi da shi ya yi ƙanƙanta, ya shaƙe yana dab da fitowa.

Wani matashi da na sani a Kazaure, mai shagon cajin waya, ya zuba kuɗi ya sayi injin mai sola da ƙwan dinya. Wata guda yana tsaron allo, lamba ba ta gusa ba. Da kwanaki suka cika shiru, ya fasa ya tarar da 'ya'ya cikakku, da gashinsu da komai, a mace. Ya shiga gida yana zagin wanda ya sayar masa da ƙwai. Mahaifiyarsa, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ta ce, "Kai wannan, sau nawa ka fito da su suka sha iska?"

Ya ce, "Inna, ai an ce kada a buɗe."

Ta ce, "To uwarsu da ka gani ɗaure ta aka yi? Ba ta cin abinci? Ba ta wanka?"

Tana gidan duk tsawon watan, tana wucewa ta ƙofar ɗakin. Da ya tambaye ta ranar farko, da ta faɗa masa ranar farko.

Ba ina nufin a jefar da ma'auni a koma ga yatsu ba. Akwai abin da zamani ya kawo da Goggo za ta yi murna da shi. Ƙaramin sikelin kicin, alal misali. Ƙwan dinya yana buƙatar ya rasa wajen kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari na nauyinsa kafin ɗan ya huda ɓawo. Na giram 160 ke nan ya sauko wajen 136. A rubuta nauyinsa da fensir ranar da aka sa shi, a riƙa aunawa duk mako. In yana sauka da gaggawa a ƙara ruwa a injin, in yana jan ƙafa a rage. Wannan ya fi allon injin faɗin gaskiya, don ma'aunin danshin ƙananan injinan nan ba abin dogaro ba ne. Sai tocila. Masu sayen ƙwan zabi sun daɗe suna ɗaga shi a dunƙulen hannu su duba a rana. Haka za a yi a ɗaki mai duhu a kwana na 7 zuwa na 10: mai rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda babu komai za a gan shi fayau, a cire shi tun bai ruɓe ya fashe ya ɓata sauran ba. In fayau ɗin ya yi yawa, laifin ba na injin ba ne, a koma wurin iyayen. Toro ɗaya mata uku zuwa biyar suka ishe shi, 'yan shekarar farko ƙwansu bai cika kamawa ba, kuma barbara ta fi yiwuwa a cikin ruwa. Wanda ke kusa da dam ɗin Ayuba ko fadamun kogin Gari zai ga kamar ya huta, amma sakin dinyar gida inda tsuntsayen daji ke sauka shi ne hanyar da mura ke bi ta shigo. Rabin duro da ake sauya wa ruwa ya fi aminci.

Juyi ma a kula. Ƙwan dinya a kwance yake so, ba a tsaye ba, kuma a kife shi gaba ɗaya, aƙalla sau uku ko huɗu a yini. Tiren da ke ɗan karkatawa hagu da dama don ƙwan kaza bai wadatar ba, ko yana aiki sai an haɗa da hannu. Gawayin Goggo har yanzu yana da amfani. Ana saura kwana uku a daina juyi da fitarwa, a ƙara ruwa, a rufe. A nan ne kawai maganar "kada a buɗe" take da gaskiya.

Daga nan sai jarrabawar haƙuri, kuma a nan maza suka fi faɗuwa. Ɗan dinya yakan fara huda tantani ya sa baki cikin aljihun iska, har a ji kukansa daga ciki. Bayan kamar yini guda ya fasa ɓawo. Sai ya yi shiru. Zai iya kwana ɗaya ko biyu a haka, ba ci gaba, mai injin yana leƙe ta gilashi hankalinsa a tashe. Ba makalewa ya yi ba. Huhunsa ne ke koyon aiki, jijiyoyin da ke manne da tantani suna janye jininsu, ragowar gwaiduwa tana shigewa cikinsa ta cibiya, ita ce guzurinsa na kwanakin farko. Wanda ya sa farce ya ɓare a wannan lokaci zai ga jini, kuma da wuya ɗan ya kai gobe. Goggo ba ta taɓa ƙwan da ya huda sai ya kwana biyu bai gusa ba. Ko a lokacin, ƙofar kawai take ɗan faɗaɗawa, ta jiƙa tantanin da ruwan ɗumi, in ta ga alamar ja ta mayar da shi ƙarƙashin kaza ta tafi harkarta.

In Allah ya sa an fito, saura reno, kuma injin ba ya reno. Ɗan dinya abin da ya fara gani yana motsi shi yake bi a matsayin uwa. Konrad Lorenz, masanin Ostiriya da ya samu lambar Nobel a 1973, da dinya ya yi suna, ana ɗaukar hotonsa suna biye da shi a layi. Abin sha'awa ne a hoto. A tsakar gida kuwa, toron da ya tashi a hannun mutum ba ya shakkar mutum, in ya girma yaran gida za su gaya maka. Gara a haɗa su da agwagwa mai 'ya'ya in ta karɓe su, ko aƙalla a bar su cikin 'yan'uwansu a rage ɗauka. Suna son ɗumi makonnin farko, musamman da hunturu. Cikin 'yan kwanaki za su fara tsinkar ciyawa, domin dinya makiyayiya ce, kiri-kiri da yankakken ganyen salak ko zogale sun fi mata dusa zalla. A tsare su daga shirwa da muzuru da gafiya. Kuma kada a ce tsuntsun ruwa ne a tura su kududdufi. Wanda uwa ta ƙyanƙyashe yana samun maiƙo daga gashinta da ke hana shi jiƙewa, na injin ba shi da shi sai gashinsa na gaske ya fito. Ya jiƙe, sanyi ya kama shi, ko ya nutse a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Kaskon shansu ya zama mai zurfin da za su tsoma baki har hanci su wanke, a zuba tsakuwa a ciki yadda ba mai iya shiga da jikinsa.